Babi na Shida: Ranar da Tsohuwar Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

A ranar Litinin 21 ga Yunin 1948, wata na'ura mai nauyin kusan tan guda ta shafe minti 52 tana lissafi a wani ɗaki na Jami'ar Manchesta, daga bisani ta fito da amsa daidai. Freddie Williams da Tom Kilburn da Geoff Tootill ne suka harhaɗa ta, aka kuma yi mata laƙabi da Baby. Ita ce kwamfuta ta farko da ta riƙe umarnin aikinta a ƙwaƙwalwarta ta lantarki, ta karanto shi daga can, ta aiwatar. Umarnin layi 17 ne kacal, Kilburn ne ya tsara shi, kuma ainihin takardar da ya rubuta shi a kai ta ɓata.

Ita ma na'urar ba ta yi tsawon rai ba. An yi ta faɗaɗa ta har ta rikiɗe ta zama Manchester Mark 1, daga baya aka wargaza ta. Da shekara 50 ta kusa cika, wata tawagar masana a ƙarƙashin injiniya Chris Burton ta ɗauki aniyar sake gina ta daga tsofaffin hotuna da zane-zane da abin da ma'aikatan farko suka iya tunawa. Ƙarfe da waya da kwalaben lantarki duk sun samu, saura umarnin da za a ba ta. A nan littafin aikin Tootill ya yi rana, domin a wani shafinsa na watan Yulin 1948 ya kwafe wani gyararren zubi na umarnin da hannunsa. Da wannan shafi shi da Kilburn suka yi jagora wajen dawo da na asalin, kuma a Yunin 1998 sabuwar Baby ta yi aiki. Tana nan har yau a Gidan Tarihin Kimiyya da Masana'antu da ke titin Liverpool a Manchesta.

Ɓangaren da ya fi kowanne ƙanƙanta, wato umarnin, shi ne ba a sayar da shi a kasuwa, kuma bai tsira ba sai don wani ya rubuta shi a wajen na'urar.

Tsohuwar kwamfutar gida ma haka lamarinta yake. A gidajen Hausawa mazauna Manchesta da Birmingham, likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da waɗanda suka zo karatu zama ya kama su, ba wuya a tarar da ita a ƙarƙashin tebur ko a lungun ɗakin yara: wata Dell ko HP ko Packard Bell da aka saya shekara 15 ko 20 da suka wuce, har yanzu da Windows XP ko Windows 7 a kanta. Kowa ya koma waya, amma ba wanda ya yarda a zubar da ita, saboda a cikinta tarihin gidan yake. Akwai hotunan suna da na biki, akwai kundin digiri, akwai karatuttukan malamai da aka juyo daga kaset, akwai kuma takardun biza da na albashi da na haya da aka riƙa yi wa sikanin shekara bayan shekara, tunda mai neman izinin zama na dindindin a Birtaniya yakan buƙaci shaidar shekara 5 ko 10 da ya yi a ƙasar.

Mai hankali a cikin gida yakan kwashe hotuna da takardun zuwa filashi, ya ce ya gama. Ya yi rabin aikin ne. Fayilolin kwamfuta iri biyu ne: akwai na mai ita, akwai kuma nata na kanta, waɗanda da su take tashi, da su take gane allonta da firintarta, da su kuma take buɗe na mai ita. Kusan ba wanda ke tunawa da kashi na biyun sai ranar da aka danna makunni, allo ya kawo baƙi da ɗan rubutu layi guda.

Mai rubutun Hausa yana da dalili na musamman na damuwa da wannan. Kafin haruffa masu lanƙwasa su samu gurbi a madannan kwamfuta, sai da aka ƙirƙiro musu salon rubutu na daban. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da biyu da suka yaɗu a tsakanin marubuta da maɗaba'u, Rabi'at da Abdalla. Dabarar irin waɗannan salon rubutu ita ce su ari gurbin wasu alamomi su dasa ɓ da ɗ da ƙ a ciki. Saboda haka littafi ko kundin da aka buga da su ba ya ɗauke da haruffan a jikinsa. Ya dogara ne da wani ɗan fayil da ke kwance a jakar Fonts ta Windows. A kai rubutun wata kwamfutar da ba ta da wannan fayil, duk inda ƙ ko ɗ take sai wata baƙuwar alama ta bayyana. Marubucin da ya kwafe littafinsa mai shafi 300 ya bar wannan ɗan fayil a baya ya tanadar wa kansa gyaran makonni.

Fayilolin da ke riƙe da ranta

A zamanin MS-DOS ana iya ƙirga su da yatsun hannu guda: IO.SYS da MSDOS.SYS da COMMAND.COM, sai CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT waɗanda mai kwamfuta ke iya gyarawa da kansa. Duka biyar suna shiga fulofi guda har a bar fili. Littattafan jagora na lokacin kusan da umarni ɗaya suke farawa: kafin a yi komai, a kwafi faifan asali, a ɓoye shi, a riƙa aiki da kwafin.

Masu Apricot sun fi kowa sanin muhimmancin wannan umarni. Kamfanin ACT na Birmingham ne ya fito da ita a 1983, tana cikin kwamfutocin farko da suka rungumi fulofi mai inci 3.5 tun IBM bai kai ga haka ba. MS-DOS take amfani da shi, amma cikinta ya sha bamban da na IBM, don haka faifan tayar da IBM na maƙwabci ba ya tayar da ita. Wanda nasa faifan ya lalace bai kwafa ba, sai dai ya nemi wani mai Apricot. A 1990 Mitsubishi ya saye ɓangaren ƙera kwamfutocin, kuma yau duk mai son tayar da ɗaya daga cikinsu ya dogara ne da kwafin da masu sha'awar tsofaffin na'urori suka adana.

Da Windows 95 ta zo, sai aka tattara saitunan da ke warwatse a kundi guda mai suna rajista. A nan Windows ke rubuta duk abin da ta sani game da kanta: wane katin sauti ne a ciki, wace manhaja ce ke buɗe wane fayil, su wa ke da izinin shiga. Fayiloli biyu ne, SYSTEM.DAT da USER.DAT, kuma duk lokacin da kwamfutar ta tashi lafiya sai ta kwafe su da sunan SYSTEM.DA0 da USER.DA0. Tsarin yana da rauni babba. Idan rajistar ta samu rauni amma kwamfutar ta daure ta tashi da ɗingishi, nan take sai gurɓataccen ya hau kan lafiyayyen kwafin. Mutum yakan kashe ya kunna sau uku yana fatan ta warware, bai san tun a kunnawar farko ya rasa maganinsa ba.

Windows 98 ta gyara wannan da hanya mai sauƙi wadda har yau abin yabo ce. Sau ɗaya a rana, a tashin farko, takan dunƙule rajista tare da SYSTEM.INI da WIN.INI a ƙunshi guda, ta ajiye a jakar Sysbckup, tana riƙe da na kwana biyar. Idan ta ƙi tashi, sai a danna F8 tun tana farawa, a zaɓi shiga baƙin allon umarni, a rubuta scanreg /restore. Jerin kwanakin zai fito, a zaɓi na kafin matsalar. Aikin bai kai minti biyar ba, kuma kwamfutoci da yawa da aka yi wa fomatin a wancan zamani wannan layi ɗaya ya ishe su.

XP, wadda ta fito a Oktoban 2001, ita ce ta fi daɗewa a gidaje, ita ce kuma ta fi cancantar a tsaya a kanta. Fayiloli uku ne ke buɗe mata ƙofa: NTLDR da NTDETECT.COM da BOOT.INI. Idan allo ya ce NTLDR ya ɓata, mutane da yawa sukan ɗauka komai ya tafi, alhali hotuna da takardu suna nan ba abin da ya taɓa su. Biyun farko suna cikin sidin XP, a jakar i386, kwafo su kawai ake yi. Sau da yawa ma matsalar ba ta kai nan ba: fulofi ko filashi ne aka manta a jiki, kwamfutar take ƙoƙarin tashi daga gare shi.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne saƙon da ke cewa fayil ɗin SYSTEM na jakar config ya ɓata ko ya lalace. Rajistar XP kashi biyar ce a wannan jaka: SYSTEM da SOFTWARE da SAM da SECURITY da DEFAULT. Ɗaukewar wuta a daidai lokacin da ake rubutu a kansu, ko kashe kwamfuta ta soket, ko wani gurbi da ya mutu a faifan ciki, kowanne na iya lalata ɗaya. XP tana da kwafinsu a wuri biyu. Na farko yana jakar repair, amma na ranar da aka ɗora Windows ne, bai san komai ba game da shekarun da suka biyo baya. Na biyu, wanda ya fi amfani, yana ɓoye a jakar System Volume Information, inda System Restore ke ajiye hoton saituna kusan kowace awa 24, yana riƙe su har kwana 90 idan fili ya isa. Hanyar da Microsoft ya wallafa ita ce a tayar da kwamfutar da sidin XP, a shiga Recovery Console, a ɗora tsohon kwafin repair don dai ta tashi, sannan a ɗebo sabon daga ɓoyayyiyar jakar a maye gurbinsa. Kamfanin ya yi gargaɗin cewa hanyar na iya kulle mutum a waje idan da Windows ɗin kwamfutar ta zo daga masana'anta. Ƙwararrun masu gyara sukan yanke hanya: su tayar da ita da sidin Linux, su kwafi fayiloli biyar ɗin kai tsaye daga hoton jiya ko shekaranjiya, su sauya musu suna. Ko ta wace hanya aka bi, ƙa'idar ita ce kada a goge lalataccen fayil. A matsar da shi gefe da wani suna, domin idan gyaran bai yi ba a samu inda za a dawo.

Duk waɗannan dabaru suna da aibi guda, kuma babba ne. Kwafin yana kan faifan da ake tsoron mutuwarsa. Tamkar mutum ne ya yanko makulli na biyu, ya rataye shi a cikin ɗakin da zai kulle.

Birtaniya ta ga haka da idonta a ranar Juma'a 12 ga Mayun 2017, lokacin da manhajar garkuwa da fayiloli ta WannaCry ta afka wa hukumar lafiya ta NHS. Kusan kashi ɗaya cikin uku na rukunonin asibitocin Ingila sun taɓu, an kuma ƙiyasta cewa ganin likita kimanin 19,000 aka soke. Bayan ta kulle fayiloli ta nemi dala 300, WannaCry takan yi ƙoƙarin share hotunan ajiyar da Windows ke ɓoyewa a kan faifan, wato ainihin abin da System Restore ya dogara da shi a Windows 7. Microsoft ya fitar da toshiyar ɓarakar tun watan Maris, ba a ɗora ta ba ne a wurare da yawa. Bayan wata huɗu, rundunar 'yan sandan Greater Manchester ta shaida wa BBC cewa kwamfutocinta 1,518, wato kashi ɗaya cikin biyar, har lokacin XP ce a kansu, shekara uku bayan Microsoft ya daina tallafa mata a ranar 8 ga Afrilun 2014. Dalilinsu bai bambanta da na magidanci ba: akwai tsofaffin manhajojin aiki da ba sa tafiya sai a kanta. Riƙe tsohuwar kwamfuta saboda irin wannan dalili ba laifi ba ne. Laifin shi ne a bar ta a jone da intanet, ko a bar ta ba ta da madadi.

Hoton faifai gaba ɗaya

Maimakon a tsaya tsintar fayiloli ɗaya bayan ɗaya, hanyar da ta fi ita ce a ɗauki hoton faifan ciki dukkansa, daga gurbin farko da ke tayar da kwamfutar har zuwa na ƙarshe, a dunƙule shi a fayil guda a kan wani faifan na waje. Windows da rajista da direbobin da take gane kayanta da su da salon rubutun Hausa da tsohuwar manhajar lissafin da sidinta ya ɓata tun ƙaura ta biyu, duk suna ciki yadda suke. Idan faifan ya mutu, a sayo wani, a juye hoton a kai, kwamfutar ta tashi kamar ranar da aka ɗauka.

Ghost, wadda aka ƙirƙira a New Zealand a tsakiyar shekarun 1990 kafin Symantec ya saye ta a 1998, ita ce ta sa aikin ya zama ruwan dare a wurin masu gyara. Clonezilla daga Taiwan take, kyauta ce, daga sidi ko filashi take tashi, kuma ba ruwanta da wace Windows ce a ciki. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara a gidaje kuwa, Macrium Reflect, a Manchesta kamfaninta yake, tun 2006 yake wannan sana'a. Ya daina sabunta zubinsa na kyauta a farkon 2024, kuma a nan akwai abin lura: wanda ya ɗauki hoto da wata manhaja, ya ajiye faifan ceto na wannan manhajar tare da hoton, domin ba tabbas za a same ta bayan shekara 10. Ita ma Windows 7 tana da nata a ciki, a sashen Backup and Restore, inda ake ɗaukar hoton a kuma ƙona sidin gyara.

Sidin ceton nan tun kwamfutar tana da lafiya ake yin sa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamfutoci da yawa na farkon shekarun 2000 ba sa iya tashi daga filashi, don haka a gwada tukuna a ga abin da ta yarda da shi. A haɗa da lambar lasisin Windows mai harafi 25 da ke manne a jikin akwatin, a ɗauke ta a hoto kafin ta goge. A haɗa da direbobin katin allo da na sauti da na firinta, tunda kamfanoni suna cire na tsofaffin kaya daga shafukansu ba tare da sanarwa ba. Idan kuma agogon kwamfutar ya fara komawa wata tsohuwar shekara a duk kunnawa, ɗan batirin nan ne mai kamar kwabo, CR2032, ya ƙare. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma mutuwarsa kan goge saitin BIOS, wato saitin farko da take tashi da shi, kwamfutar ta kasa gano faifanta, mai ita ya zaci babbar asara ce ta same shi. Ɗaukar hoton shafukan BIOS da waya ya isa maganin wannan.

Akwai yanayi guda da tsarin aikin ke juyewa. Idan faifan ya fara ƙara ƙyas-ƙyas, ko kwamfutar tana sanƙarewa duk lokacin da aka buɗe wata jaka, to kowace kunnawa tana rage masa kwana. A nan ba a fara da gyaran Windows, ba a kuma sakar masa manhajar duba lafiyar faifai, domin wahalar da za ta ba shi na iya ƙarasa shi. A kashe, a ciro faifan, a jona shi da wata kwamfutar ta 'yar mahaɗar USB mai bakin IDE ko SATA gwargwadon shekarunsa, a fara kwashe abin da ba a iya sake samu. Masu gyara na amfani da ddrescue, wadda ke fara ɗebe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, sannan ta dawo ta lallaɓa masu wuya.

Inda za a ajiye, da yadda za a san yana aiki

Faifan waje da ke ajiye a kan akwatin kwamfutar ya tsira daga mutuwar faifan ciki, amma bai tsira daga abin da zai sami ɗakin ba. A ranar 28 ga Yulin 2005 guguwa ta ratsa Kings Heath da Moseley da Balsall Heath da Sparkbrook a Birmingham, cikin 'yan mintuna ta yaye rufin gidaje a kewayen titin Ladypool. A ranar 26 ga Disamban 2015 kogin Irwell ya yi ambaliya ya shiga ɗaruruwan gidaje a Lower Broughton da ke Salford, dab da tsakiyar Manchesta. Ko ba a kai ga haka ba, laimar tsofaffin gidajen jan bulo na garuruwan biyu tana sa fulofi ya yi fumfuna, sidin da aka ƙona a gida kuma yakan dusashe da shekaru. Filashi ma ba wurin ajiyar dogon zango ba ne, cajin da ke riƙe da bayanansa yana zurarewa idan ya daɗe ba a jona shi ba.

Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, shi ya yaɗa ƙa'idar da masu sana'ar ke bi: kwafi uku, a kan ma'adani iri biyu, ɗaya a wajen gida. Ga iyalin da ke da 'yan uwa a garuruwan biyu, sharaɗi na ukun bai da wuya. Tsakanin Manchesta da Birmingham kimanin kilomita 140 ne ta babbar hanyar M6, awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa, kuma ana zuwa suna da biki da gaisuwar Sallah. Faifai biyu ake saya, ɗaya a gida, ɗaya a wurin yaya ko ƙanwa, a riƙa musanya su a duk ziyara. Tunda akwai fasfo da takardun banki a ciki, a kulle hoton da kalmar sirri, a kuma tabbatar wani babba a gidan ya san ta, domin rai ba a hannun mutum yake ba.

Sai babban abin da aka fi sakaci da shi, wato gwaji. A ƙarshen Oktoban 2023 'yan kutse suka durƙusar da Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya. A rahoton da ya fitar a Maris 2024, ɗakin karatun ya bayyana cewa yana da amintattun kwafin taskarsa ta dijital, amma na'urorin da za a mayar da su a kai an lalata su, wasu tsofaffin manhajojin kuma ba za su dawo ba, ko dai masu su sun daina tallafa musu, ko kuma ba sa tafiya a sabon tsari. Watanni aka kwashe ana farfaɗowa. Kafin wannan akwai aikin Domesday na BBC na 1986, wanda mutane fiye da miliyan guda, yawancinsu 'yan makaranta, suka tattara bayanan garuruwansu aka zuba a manyan faya-fayan leza. Cikin shekara 15 na'urar karanta su ta kusa ƙarewa a ƙasar, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka kwaikwayi tsohuwar kwamfutar a cikin sabuwa a 2002 kafin aka sake ganin abin da ke ciki. Littafin Domesday na asali, wanda aka rubuta a fata a 1086, har yau ana karanta shi.

A gida gwajin bai kai haka wuya ba. A samu wani faifan na gwanjo, a cire na asalin a ajiye gefe, a juye hoton a kan na gwajin, a kunna. Idan ta tashi ta buɗe wani tsohon rubutu da haruffansa daidai, kwafin ya tabbata. Wanda ke son ya huta da tsohon ƙarfen gaba ɗaya yana iya bin sawun masanan Leeds, ya mayar da faifan fayil da Disk2vhd, ya buɗe shi a VirtualBox a kan sabuwar kwamfuta. XP takan yi gardama idan ta ga an sauya mata kayan ciki, ta kawo shuɗin allo ko ta nemi a sake tabbatar da lasisi, shi ya sa ake yin wannan ƙaura tun tsohuwar tana iya tashi.

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025, da Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10, miliyoyin kwamfutoci masu ƙoshin lafiya da Windows 11 ta ƙi karɓa sun shiga sahun tsofaffi. Masu su kada su ɗauka sun fi na XP kariya. Daga zubin 1803 na shekarar 2018, Windows 10 ta daina kwafe rajista da kanta zuwa jakar RegBack, kuma a kwamfutoci da yawa System Restore a kashe yake zuwa sai an kunna shi. Ga kuma BitLocker, wanda kan kulle faifan wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka ba tare da mai ita ya lura ba. Ranar 19 ga Yulin 2024, da wani ɗan gurɓataccen fayil na kamfanin CrowdStrike ya kayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, gyaran goge fayil ɗin ne kawai, amma a wurare da yawa ba a iya kaiwa gare shi ba sai da lambar ceto mai alƙaluma 48. A kwamfutar gida, wannan lamba galibi tana cikin asusun Microsoft na mai ita, kuma ya kamata a buga ta a takarda.

Idan abin ya gagara aka ɗauki kwamfutar zuwa shagon gyara, a titin Wilmslow ne ko Cheetham Hill a Manchesta, a titin Coventry ne ko Stratford a Birmingham, ko ma a Farm Centre ta Kano, hanya mafi sauri ga mai gyara ita ce fomatin, kuma da yawa ita za su fara kawowa. Mai kwamfuta yana da haƙƙin ya ce a ɗauki hoton faifan tukuna, a ba shi a hannu, sannan a taɓa komai. Wadda kuma za a sa a kaya a aika wa ƙani ko ɗan 'yar uwa a gida, bayan an tabbatar da kwafin sai a share faifanta da manhajar da ke rubutu a kan kowane gurbi, irin su DBAN, domin fomatin na gaggawa sunayen fayiloli kawai yake cirewa, hoton fasfo da takardar banki suna nan a ƙasa ga duk wanda ya iya tono. Bayan nan a ɗora mata sabuwar babbar manhaja, a sa mata sabon batirin agogo, a haɗa ta da sidin cetonta da direbobinta a cikin kwalin.